Daidaita Launin Amon Jitar Ko-ta-kwana da Ikwalaiza: Abin da Ke Yiwuwa da Inda Iyaka Take

Tsakure

Makaɗin jitar lantarki da ke wasa a gaban jama'a yakan ajiye jita ta biyu a gefen dandamali domin ko-ta-kwana. Ba kasafai amon wannan jita ta biyu ke dacewa da na ta farko ba, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Wannan maƙala ta yi bayanin tushen bambancin, sannan ta duba yadda ake amfani da ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage ƙarfin wani zango na sauti, wajen rage tazarar. An ɗauki jitoci biyu sanannu, Fender Stratocaster da Gibson Les Paul, a matsayin misali. An nuna cewa ikwalaiza na iya gyara bambancin da ya shafi dukkan tsirkiyoyi bai ɗaya, amma ba ta da iko a kan wanda ke sauyawa daga tsirkiya zuwa tsirkiya, ko daga farkon amo zuwa ƙarshensa.

Fitilun Kalmomi: jitar lantarki, launin amo, ikwalaiza, maɗauki, tozon amo

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1989, ana cikin ɗaukar shirin talabijin na Austin City Limits a jihar Texas ta Amurka, sai tsirkiya ta tsinke wa makaɗi Stevie Ray Vaughan a tsakiyar waƙa. Bai dakata ba. Ya ci gaba da rera baitinsa, mai kula masa da kayan kiɗa, Rene Martinez, ya zo ta bayansa ya karɓi jitar ya rataya masa wata, kiɗa ya ɗora daga inda yake. Abin da aka fi yabawa a wannan sauyi shi ne saurinsa. Amma akwai wani abu da ya sa ya wuce lami lafiya: jitar da aka miƙo masa irin wadda aka karɓa ce, don haka kunnen mai sauraro bai ji wani sabon abu ya shigo ba.

Mafi yawan makaɗa ba su da wannan gata. Jitarsu ta biyu ita ce wadda aljihu ya iya saya, ko wadda aka aro, ko tsohuwar da aka fara koyo da ita. Kuma ba a iya lallaɓawa da tsirkiya biyar a kowane hali. A jitar da jakinta ke rataye da sifirin (jaki shi ne inda tsirkiya ke hawa a kan gangar jikin jita, kamar yadda ake kiransa a goge da garaya), tsinkewar tsirkiya ɗaya kan sa sifirin ya rinjayi sauran, duk su ƙara ɗamewa su fita daga saiti nan take. Dole a sauya. Idan kuwa aka sauya amon ya bambanta, duk aikin da injiniyan sauti ya yi kafin a fara wasa ya rushe: ko dai jitar ta nutse a cikin ganguna, ko ta taso ta danne muryar mawaƙi.

2.0 Ma'anar Launin Amo

Akwai buƙatar raba abubuwa biyu tun daga farko, domin kalmar da makaɗan jita ke amfani da ita a Ingilishi kan wannan batu ita ce dai wadda masana harshe suka fassara da "karin sauti". Karin sauti, kamar yadda aka san shi a nazarin Hausa, ya shafi hawa da saukar murya, wato yawan kaɗawar tantanin maƙwallato a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da makaɗin jita ke nufi daban ne. Yana nufin siffar da ke bambanta amo biyu masu kaifi ɗaya da ƙarfi ɗaya. Wannan ita aka kira launin amo a wannan maƙala.

Misali mafi kusa shi ne wasali. Mutum zai iya rera /a/ da /i/ a kan kaifi ɗaya, amma ba wanda zai kasa bambanta su. Dalili kuwa, duk amon da ke da kari ya ƙunshi tushe da rassa. Idan tushen na kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, wato 110 Hz, rassansa na kan 220 da 330 da 440, haka har sama. Siffar baki da matsayin harshe su ne ke ƙarfafa wasu rassan su raunana wasu. A muryar namiji baligi, /i/ na da tudu ɗaya a wajen 300 Hz da wani sama da 2,000 Hz, yayin da na /a/ ke wajen 700 da 1,200. To, kowace jita tamkar baki ce da aka riƙe a kan wasali guda. Aikin ikwalaiza shi ne ta sa bakin jita ta biyu ya kusanci wasalin ta farko.

Tsirkiyoyin jita shida, a saitin da aka saba, suna farawa daga 82.4 Hz a mafi kauri zuwa 329.6 Hz a mafi siranta. Rassan da ke ɗauke da launin suna kaiwa dubbai, sai dai lasifikar jita mai faɗin inci 12 ba ta fitar da abin kirki sama da 5,000 ko 6,000 Hz. Saboda haka fagen aikin bai wuce daga wajen 80 zuwa 6,000 Hz ba.

3.0 Inda Bambancin Ke Fitowa

Akan yi ta muhawara a kan icen da aka sassaƙa jita da shi. Yana da tasirinsa, amma a jitar lantarki mai daskararren jiki, kaso mafi girma na launi daga maɗauki yake fitowa. Maɗauki maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai lantarki mai bin sawun kaɗawar ya gudana a wayar. Stratocaster, wadda ta fito a 1954, tana da maɗaukai uku masu naɗi ɗaya. Les Paul ta fito a 1952, kuma daga 1957 aka fara sanya mata maɗauki mai naɗi biyu wanda Seth Lover ya tsara domin kashe gunjin wutar lantarki.

Naɗin waya yana da wata siffa da ake kira indoktans, ana auna ta da henri. Kebul ɗin da ya haɗa jita da amfilifaya kuma yana da tasa siffar, kafasitans, wadda takan kai fikofarad 100 a kowace mita ta kebul na gama-gari. Idan waɗannan biyu suka haɗu, sai su haifar da tudu a wani zango, inda amo ke fita da ƙarfi fiye da ko'ina, daga nan kuma ya gangara da sauri. Wannan tudu shi aka kira tozon amo. Masu bincike irin su Helmuth Lemme da Manfred Zollner a Jamus sun nuna cewa matsayin tozon da tsayinsa su ne ginshiƙin abin da makaɗa ke kira halin maɗauki.

Lissafin ba shi da wuya, kuma yana da kyau a bi shi sau ɗaya. A ɗauki maɗauki mai naɗi ɗaya mai henri 2.3, da kebul na mita 5. Idan aka haɗa kafasitans na kebul da na naɗin kansa, za a sami kimanin fikofarad 600, tozon kuma ya faɗa a wajen 4,300 Hz. Maɗauki mai naɗi biyu mai henri 4.5, da wannan kebul ɗin dai, tozonsa na wajen 3,100 Hz. Tazarar nan ta 1,200 Hz ita ce mafi yawan abin da kunne ke ji idan aka ce waccan tana da ƙyalli, wannan kuma tana da kauri. Abin ban sha'awa, idan aka bar maɗaukin farko yadda yake aka ninka tsawon kebul zuwa mita 10, tozonsa zai sauko zuwa kusan 3,200 Hz. Wato kebul kaɗai ya isa ya ja Stratocaster zuwa unguwar Les Paul. Makaɗa da yawa kan zargi jita alhali kebul ne aka sauya.

Tsayin tozon kuma ya dogara ga nauyin da aka ɗora wa maɗauki. Fender ta saba sanya mamurɗan ƙara masu kilo-om 250, Gibson kuma masu 500 ga maɗaukanta masu naɗi biyu. Ƙaramin adadi yana danne tozo, babba yana barin sa ya miƙe. Sai kuma ƙarfin fitarwa: mai naɗi biyu yakan fi ƙarfi da desibel da dama, kuma ƙarin desibel 6 na nufin ninkin ƙarfin lantarkin da ke shiga amfilifaya.

Duk waɗannan abubuwa uku, matsayin tozo da tsayinsa da ƙarfin fitarwa, suna da hali ɗaya: kowace tsirkiya suke shafa daidai wa daida, kuma ba sa sauyawa da lokaci. Wannan ne ya sa ikwalaiza ke iya kama su, domin ita ma haka take aiki.

4.0 Matakan Daidaitawa

Kafin a taɓa ikwalaiza, akwai abin da hannu da sukundireba za su gyara. A sanya wa jitocin biyu tsirkiyoyi masu kauri ɗaya, na kamfani ɗaya, masu shekaru ɗaya. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi: jitar ko-ta-kwana takan kwana a jaka wata da watanni da tsofaffin tsirkiyoyi, waɗanda tsatsa da gumi suka cinye rassansu na sama. A yi amfani da kebul ɗaya. A duba nisan maɗauki da tsirkiya, domin ɗaga shi kaɗan na ƙara ƙarfi, sai dai idan ya matso da yawa a Stratocaster maganaɗisun kan ja tsirkiya har amon ya riƙa rawa.

Bayan wannan sai ƙarfi. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: idan aka ba shi amo biyu, wanda ya ɗara ƙarfi ko da da desibel ɗaya ne, sai ya ce ya fi cika da armashi. Duk hukuncin da aka yanke a kan launi kafin a daidaita ƙarfi, hukunci ne a kan ƙarfi. Yawancin fedojin ikwalaiza suna da majayi na musamman domin wannan, kuma sau da yawa da shi kaɗai ake cinye rabin tazarar.

Daga nan ne ake shiga zanguna. Na'urar da aka fi gani a ƙasan makaɗa ita ce Boss GE-7, mai majayai bakwai a kan 100 da 200 da 400 da 800 da 1,600 da 3,200 da 6,400 Hz, kowanne na iya ƙarawa ko ragewa har desibel 15. Idan babbar jita Les Paul ce, ta ko-ta-kwana kuma Stratocaster, alƙiblar a bayyane take: a ɗaga ƙarfi, a rage 6,400 sosai, a ƙara 400 da 800 kaɗan domin cike tsakiya, sannan a saurari ko 100 na buƙatar taɓawa. Desibel 2 zuwa 4 sun isa a mafi yawan majayai. Wanda ya ga hannunsa ya kai 10, to akwai abin da ya tsallake a matakin farko.

A nan raunin irin wannan na'ura ke bayyana. Tozon da ake son dannewa yana 4,300 Hz, majayan kuwa suna 3,200 da 6,400. Ya faɗa tsakani. Idan aka rage 3,200 domin a kama shi, an rage daidai wurin da ake son sabon tozo ya tsaya. Maganin wannan ita ce ikwalaiza mai zaɓin zango, irin wadda George Massenburg ya gabatar da bayaninta a 1972, inda mai aiki ke zaɓar wurin da kansa, da faɗin yankin, da yawan ragi ko ƙari. Da zanguna biyu kacal, ɗaya ya danne 4,300 ɗaya ya ɗaga 3,100, za a yi aikin da majayai bakwai ba su yi ba. Hanyar gano tozon kuwa ita ce a ɗaga siririn yanki da ƙarfi, a riƙa jan sa sannu a hankali daga 2,000 zuwa 6,000 Hz har a ji inda amon ya fi huda kunne, sannan a mayar da ƙarin ya koma ragi.

Juya alƙiblar ya fi wahala, kuma wannan batu ne da ya kamata mai sayen jita ta biyu ya sani tun a kasuwa. A saman tozo, amon maɗauki na raguwa da kimanin desibel 12 duk lokacin da yawan kaɗawa ya ninka. Mai son Les Paul ta yi ƙyallin Stratocaster yana ƙoƙarin ɗaga abin da ya riga ya kusa ɓacewa ne, kuma abin da zai taso tare da shi shi ne shuuu na na'urori. Ragewa daga abin da yake akwai ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro abin da babu, don haka ya fi dacewa jitar ko-ta-kwana ta ɗara babbar haske kaɗan. Sai dai wannan ma yana da kuɗinsa. Maɗauki mai naɗi ɗaya yana kwasar gunjin wutar gari, 50 Hz a Turai da Afirka, 60 Hz a Amurka da Saudiyya, tare da rassansa, kuma duk desibel ɗin da aka ƙara wa jitar an ƙara wa gunjin.

4.1 Gurbin Ikwalaiza a Jerin Na'urori

Idan amfilifaya na fitar da amo garau, ba wani babban bambanci ko a gaba aka sa ikwalaiza ko a baya. Amma yawancin kiɗan jitar lantarki yana da kaushi, wato ana tura amfilifaya har ta fara datse kan igiyar sauti. Datsewar nan tana haifar da sababbin rassa, kuma irin rassan da za a samu ya dogara ga abin da ya shigo da ƙarfinsa. Jitar da ta shigo da kauri mai yawa takan sa kaushin ya cakuɗe ya zama laka. Wadda ta shigo da rauni ba za ta kai ga datsewar ba ma. Tun da bambancin jitocin biyu kafin datsewa yake faruwa, a nan ya kamata a gyara shi. Gurbin ikwalaizar daidaitawa shi ne farkon jeri, dab da jita. Wadda aka sa bayan kaushi tana iya gyara launin ƙarshe, amma yadda amon ke fashewa a ƙarƙashin yatsa ya riga ya wuce ta.

4.2 Sauraro da Aunawa

Harvey Fletcher da Wilden Munson sun nuna tun 1933 cewa jin kunne ba a miƙe yake ba. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, kuma a ƙaramar ƙara yana raina amo mai kauri. Saitin da aka yi a ɗaki da dare, ana tsoron tada maƙwabta, zai zama wani abu daban a kan dandamali. A yi shi a ƙarar da za a yi wasa da ita. Haka kuma kunne na saurin sabo, ba ya riƙe launi na tsawon lokacin da za a cire jita a rataya wata. Dabarar ita ce a naɗi gajeren kiɗa ɗaya da kowace jita, kai tsaye ba ta lasifika ba, a mashiga mai juriyar mega-om ɗaya irin ta amfilifaya, sannan a riƙa sauya su cikin daƙiƙa.

Manhajoji irin su Logic Pro da FabFilter Pro-Q da iZotope Ozone suna iya auna matsakaicin amon naɗin biyu su zana layin gyara da kansu. Suna da amfani wajen nuna inda tozo yake. Amma layin da suke zanawa yakan fito da ƙananan haƙora masu yawa, kuma mafi yawan haƙoran nan ba na maɗauki ba ne. Na yadda aka kaɗa a wannan karon ne, ko na abin da za a yi bayani a sashe na gaba. A ra'ayin wannan maƙala, gara a lallashe layin har ya rage tudu biyu ko uku masu faɗi, a kwafe su da hannu.

5.0 Abin da Ikwalaiza Ba Ta Iyawa

Tsirkiya ba ta kaɗawa bai ɗaya a duk tsawonta. Kowane reshe yana da wuraren da yake tsaye cik, kuma idan maɗauki ya faɗa ƙarƙashin irin wannan wuri, ba zai ji reshen ba. Tsawon tsirkiyar Stratocaster milimita 648 ne, maɗaukin da ke kusa da wuya kuma yana wajen rubu'in wannan tsawo daga jaki. A nan ne reshe na huɗu yake tsaye. A tsirkiya mafi kauri, wannan giɓi na wajen 330 Hz. A mafi siranta yana wajen 1,320 Hz. Sauran huɗun kowacce da nata. Les Paul, mai tsawon kusan milimita 628 da maɗaukai a wasu wuraren, giɓinta na wasu zanguna, kuma naɗinta biyu suna sauraron tsirkiya a wurare biyu a lokaci ɗaya, abin da ke ƙara shafe rassan sama na tsirkiyoyi masu kauri.

Ikwalaiza ba ta san daga wace tsirkiya amo ya fito ba. Idan aka haƙa rami a 330 Hz domin a kwaikwayi giɓin tsirkiya mai kauri, an kashe tushen tsirkiya mafi siranta, wanda ke 329.6 Hz. Wannan iyaka ce ta asali, tsadar na'ura ba ta kawar da ita. Kamfanonin da suka nemi wuce ta, kamar Roland da VG-8 a 1995 da Line 6 da jitar Variax a 2002, sai da suka ba kowace tsirkiya maɗaukinta, suka sarrafa shida ɗin daban-daban.

Iyaka ta biyu ta lokaci ce. Yadda amo ke tsalle a farkon bugu, da yadda rassan sama ke riga na ƙasa mutuwa, da tsawon jimawarsa, duk sun dogara ga ɗaurin tsirkiya da jaki da yadda aka haɗa wuya da jiki. Tsirkiya mai tsawon 648 ta fi ta 628 ɗamewa a kan kaifi ɗaya, kuma yatsan makaɗi na jin haka ko da kunnen jama'a bai ji ba. Makaɗi yakan ce jitar ba ta yi daidai ba alhali na'urar awo na nuna layi biyu sun hau juna, kuma yana da gaskiya.

Sai dai waɗannan bambance-bambance da suka rage, a ɗakin gwaji suke da girma. A cikin taron kayan kiɗa, jitar bes ta mamaye abin da ke ƙasa da 200 Hz, faya-fayan tagulla na mai ganga sun mamaye sama, abin da ya rage wa jita shi ne tsakiya, inda take maƙwabtaka da murya. Yankin 2,000 zuwa 4,000 Hz, inda tozon maɗauki ke zama, shi ne kuma yankin da fahimtar kalmomi ta fi dogara a kansa. Don haka gwajin ƙarshe da mawaƙi ake yin sa: a sa shi ya rera baiti ɗaya sau biyu, a sauya jita a tsakani, wani ya tsaya a ƙarshen zaure ya faɗi ko ya ji kalmomin a karo na biyu kamar yadda ya ji su a na farko. Idan ya ji, sai a manna tef a kan fedar a zana matsayin kowane majayi, domin ƙafa da jaka sukan gusar da su, a kuma sake gwajin duk ranar da aka sauya wa ɗaya daga jitocin tsirkiya ko kebul.